Daga Jan Wutsiya Zuwa F-22: Tarihin Ayari Na 302 Da Abin Da Ke Cikinsa

Ranar Juma'a 15 ga watan Agusta na shekarar 2025, duk wanda ya kunna talabijin ko ya duba salularsa ya ga shugaban Amurka Donald Trump yana tarbar takwaransa na Rasha Vladimir Putin a wani sansanin soja da ke jihar Alaska. An shimfiɗa jan kilishi, shugabannin biyu suka yi musabaha, a dama da hagunsu kuma ga wasu jiragen yaƙi masu ruwan toka an jera su kamar hajar da ake son mai saye ya gani tun daga nesa. Masu sharhi sun yi ta magana a kan yaƙin Yukren, wanda shi ne dalilin ganawar, kuma kowa ya san an tashi ba tare da an tsagaita wuta ba. To amma mu a yau jiragen nan muke so mu duba, da kuma wani ɓangare na mutanen da ke tuƙa su.

Sunan jirgin F-22. Daga cikin masu tuƙa shi a wannan sansani na Elmendorf-Richardson akwai wani rukuni da ake kira ayarin jiragen yaƙi na 302, wanda matuƙansa sojojin ko-ta-kwana ne. Wannan lamba ta 302 kuwa baƙaƙen fata ne suka fara ɗaukar ta a shekarar 1942, a zamanin da hukumomin sojan Amurka ke cewa baƙar fata ba zai iya tuƙa jirgin yaƙi ba. Mai karatu zai ce, ina ruwan mai sayar da hatsi ko atamfa da jiragen Alaska? Amsar ita ce, labari ne na yadda ake yin suna, da yadda ake gadonsa, da yadda ake rigima a kansa, sa'annan kuma labari ne na lissafin kuɗi. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa.

Wane ne sojan ko-ta-kwana?

A Amurka, ban da sojojin da ke cikin bariki dare da rana, akwai wasu da ke da sana'arsu ta farar hula, amma sun sa hannu cewa duk ranar da ƙasa ta buƙace su za su ajiye komi su sa kaki. Mafi ƙarancin abin da ake nema gare su shi ne kwana biyu na ƙarshen mako a kowane wata, da kuma mako biyu a shekara, sai dai matuƙan jirgi suna zuwa fiye da haka, domin hannu ba ya zama gwani in ba a taɓa aikin. An kafa rundunar ko-ta-kwana ta sojan sama a watan Afrilu na 1948, kuma a ƴan shekarun nan yawan mutanenta yana tsakanin 65,000 da 70,000.

Da yawa daga cikin matuƙan sun yi shekaru a cikin soja na dindindin, suka bari, suka koma tuƙa jiragen fasinja ko na kaya inda albashi ya fi tsoka. Gwamnati ba ta so ilimin da ta kashe kuɗi a kansa ya tafi a banza, sai ta riƙe su da rabin igiya. Akwai ma wata doka ta 1994 da ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa bakin aikinsa idan ya dawo daga kiran soja. Abin ya yi kama da tsohon direban babbar mota da ya buɗe shagonsa, amma duk lokacin da kaya suka yi yawa maigidan da ya koya masa aikin zai aiko a kira shi, kuma ba sai an sake nuna masa hanya ba.

An ce ba za su iya ba

A shekarar 1925 babbar makarantar koyon dabarun yaƙi ta sojan Amurka ta fitar da wani rahoto da ke cewa baƙar fata ba ya da ƙwaƙwalwa ko ƙarfin zuciyar da zai riƙe babban matsayi a fagen fama. A kan wannan ra'ayi aka zauna shekara da shekaru. Sai da jaridun baƙaƙen fata da ƙungiyoyinsu suka matsa lamba, ga kuma yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, kafin gwamnatin Franklin Roosevelt ta yarda a 1941 a buɗe wurin horo a garin Taskigi da ke jihar Alabama. Ko a nan ɗin ma an ware su ne su kaɗai, ba sa cuɗanya da fararen fata a wurin kwana ko wurin cin abinci. A wannan shekarar ce matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta je Taskigi ta shiga jirgi wani malamin tuƙi baƙar fata mai suna Charles Anderson ya yi shawagi da ita, hoton ya bazu cikin jaridu.

Daga 1941 zuwa 1946 matuƙa 992 ne suka gama horo a Taskigi, 355 daga cikinsu suka je fagen yaƙi. An raba su ayari huɗu: na 99, na 100, na 301 da na 302. Ayari na 302 ya fara aiki ranar 13 ga Oktoba 1942, ya yi atisaye a jihar Mishigan, sa'annan ya sauka Italiya a farkon watan Fabrairu na 1944 a ƙarƙashin runduna ta 332, wadda Kanal Benjamin Davis ƙarami ke jagoranta. Shi kansa Davis ya san ɗacin wariya, domin shekara huɗun da ya yi a makarantar hafsoshi ta West Point abokan karatunsa ba sa yi masa magana sai ta aiki.

Jirgin da aka fara ba su a Italiya shi ne P-39, wanda ba ya da kataɓus idan aka yi sama sosai. Aikin da aka sa su kuma shi ne sintiri a bakin teku da gadin tashar jiragen ruwa a yankin birnin Nafoli, inda da wuya a haɗu da abokan gaba. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabara: a ba ka rumfa a can ƙarshen kasuwa inda ba mai wucewa, in yamma ta yi a ce ai ga shi ba ka iya ciniki ba.

Ramitelli da jan fenti

Abin da ya sauya al'amarin shi ne buƙata. Manyan jiragen Amurka masu sakin bama-bamai suna tashi daga Italiya zuwa Jamus, Ostiriya, Hangari da Romaniya, jiragen Jamus kuwa suna kakkaɓo su da yawa, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da mutum wajen goma. Ana neman masu rakiya ido rufe. A ƙarshen watan Mayu na 1944 aka mayar da runduna ta 332 filin jirgi na Ramitelli, aka ba ta P-47, a watan Yuli kuma aka ba ta P-51, jirgin da ke da injin ƙirar Ingila da tankunan mai na ƙari, wanda ke iya yin doguwar tafiya ya dawo. Kowace runduna tana da alamar da ake gane ta, su sai suka shafa wa wutsiyar jiragensu jan fenti. Daga nan sunan masu jan wutsiya ya bi su.

Duk wanda ya taɓa sa kayansa a cikin jerin manyan motoci da sojoji ke yi wa rakiya ya san abin da ake nema ga ɗan rakiya: ya tsaya tare da kayan. Umurnin da Davis ya ba yaransa ke nan, kada wanda ya bar manyan jiragen ya bi abokin gaba don neman suna. Wannan ya rage musu yawan jiragen da za su iya harbowa, amma ya sa mutanen da ake yi wa rakiya suna komawa gida.

Duk da haka ayari na 302 ya fitar da gwanaye. Lee Archer ya harbo jiragen abokan gaba huɗu, uku daga ciki a rana ɗaya, 12 ga Oktoba 1944, a sararin samaniyar Hangari. Bayan ya bar soja a 1970 ya shiga kasuwanci, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin abinci na General Foods, ya kuma taimaka wa kamfanonin baƙaƙen fata da jari. Ya rasu a 2010. Sai Charles McGee, wanda ya yi yaƙin duniya, ya yi na Koriya, ya yi na Biyetnam, jimillar fita 409 zuwa fagen fama. An ba shi girman janar na karramawa a 2020 yana da shekara 100, ya rasu a watan Janairu na 2022 yana da 102.

A nan akwai wata magana da ya kamata a gyara. Shekaru da dama ana cewa masu jan wutsiya ba su taɓa barin an harbo ko jirgi ɗaya da suke yi wa rakiya ba. Masanin tarihi na sojan saman Amurka, Daniel Haulman, ya bi takardun kowace fita ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa a cikin rakiya 179 da suka yi, jiragen abokan gaba sun harbo manyan jirage 27. To amma ya kuma gano cewa sauran rundunonin rakiya na wannan yanki sun rasa kusan 46 kowace, in aka raba daidai. Wasu sun ji haushin wannan bincike. A ganinmu alheri ya yi musu, domin tiyar da aka cika da gaskiya ba ta tsoron a sake awo, kuma 27 a gaban 46 ya ishi mai hankali hujja.

Akwai kuma inda hanyarsu ta gitta da ta kakanninmu. A tsakiyar watan Agusta na 1944 jiragen runduna ta 332 suka kai hari kan na'urorin hangen jirage na Jamus a gaɓar tekun kudancin Faransa, don share hanya ga saukar sojojin ƙawance da aka fara ranar 15 ga watan. A cikin waɗanda suka sauka har suka ƙwato birnin Tulon akwai dubban sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da take mulka, waɗanda ake kira tirayar. Baƙaƙen fata a sama, baƙaƙen fata a ƙasa, kuma sakayyar da suka samu ta yi kama: na Afirka an janye su daga fagen daga kafin ƙarshen shekara aka sa fararen fata a gurbinsu, daga baya aka daskarar da kuɗin fanshonsu shekaru da dama, na Amurka kuwa suka koma gida suka tarar da wariya tana nan inda suka bar ta.

An rufe ayari na 302 ranar 6 ga Maris 1945, tun yaƙi bai ƙare ba. Sauran rundunoni ayari uku-uku gare su, ta 332 ce mai huɗu, kuma tun da ƙofa ɗaya ce tak ake horar da baƙaƙen fata, sababbin matuƙa ba sa isa a cike gurbin waɗanda suka mutu ko suka gama wa'adinsu. Aka raba mutanensa ga sauran ayari ukun. Wata guda bayan haka, a wani sansani da ke jihar Indiyana, aka tsare hafsoshi baƙaƙen fata 101 na runduna ta 477 saboda sun ƙi sa hannu a takardar da ta hana su shiga gidan shaƙatawar hafsoshi fararen fata. Sai a 1995 aka wanke su. Wariya a cikin soja kuwa, shugaba Harry Truman ne ya sa hannu a kan umurnin kawar da ita ranar 26 ga Yuli 1948.

Lamba a cikin akwati

Daga nan labarin ya koma na takardu. A 1956 rundunar ko-ta-kwana ta kafa wani ayari na ceto a jihar Arizona, aka ba shi lamba 302. Ba ya da alaƙa da mutanen Taskigi. Jirginsa Albatross ne, mai iya sauka a kan ruwa, ga shi kuwa an ajiye shi a tsakiyar hamada. A 1960 ya koma sansanin Luke kusa da birnin Finiks, a farkon shekarun 1970 ya koma amfani da jirage masu saukar ungulu, yana aikin neman waɗanda suka ɓata da kuma ɗaukar sojoji na musamman.

A 1985 hukumar sojan sama ta haɗe tarihin ayarin biyu ya zama ɗaya, wato sabon ya gaji lambobin yabo da sunan tsohon. A 1987 aka ba shi F-16, ya koma ayarin jiragen yaƙi bayan shekara 42. Shekara 20 ya yi da wannan jirgi, kuma a shekarun 1990 matuƙansa sun je Turkiyya da Italiya suna sintirin hana shawagi a arewacin Iraƙi da Bosniya. Wannan zamani ne ya nuna cewa sojan ko-ta-kwana ya daina zama wanda ake ajiyewa sai ranar babban yaƙi, domin bayan rushewar Tarayyar Sobiyet Amurka ta rage yawan sojojinta na dindindin, ayyukan kuwa ba su ragu ba, sai aka riƙa cike giɓin da su.

Wani zai ce wannan gado na takarda ne kurum, tun da ba jini ba ne, ba kuma mutanen ba ne. Gaskiya ne. To amma a kasuwa ma haka abin yake: rumfa takan ci gaba da amsa sunan Alhajin da ya kafa ta ko da ya daɗe da rasuwa, kuma wanda ya gaje ta ya san mutane suna zuwa ne saboda sunan, in ya ɓata awo sunan ne zai zube. Soja na riƙe tsofaffin lambobi ne don sabon shiga ya ji akwai nauyi a kansa.

A watan Oktoba na 2007 aka ɗauke ayari na 302 daga zafin Arizona zuwa ƙanƙarar Alaska, aka sa shi ƙarƙashin runduna ta 477, wato lambar hafsoshin nan da aka tsare a 1945. A cikin wannan shekarar, ranar 29 ga Maris, shugaba George Bush ya miƙa wa tsofaffin sojojin Taskigi lambar zinariya ta majalisar dokoki, shekara 62 bayan ƙare yaƙin.

Lissafin F-22

F-22 ya fara tashi a 1997, ya shiga aiki a ƙarshen 2005. An ƙera jikinsa yadda na'urar hangen jirage ba ta ganinsa da sauƙi, kamar mai layar zana, yana kuma iya gudu fiye da sauti na dogon lokaci. Sau da dama yakan ga abokin gaba ya harbe shi tun wancan bai san da zuwansa ba. Majalisar dokokin Amurka ta hana sayar da shi ga kowace ƙasa, har ƙawayenta na kusa irin Japan da Isra'ila.

Yanzu sai a ɗauko alƙalami. Dalar da za mu ambata ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma don sauƙin lissafi mu ɗauke ta a kan sefa 600. A 1945 jirgin P-51 ɗaya yana kan dala 51,000, kuma an ƙera fiye da 15,000. F-22 ɗaya kuwa, kuɗin ƙira kawai ya kai wajen dala miliyon 140, wato sefa miliyar 84. Idan aka haɗa da kuɗin bincike, shirin gaba ɗaya ya ci kusan dala miliyar 67, kimanin sefa miliyar 40,000 ke nan, alhali kasafin kuɗin ƙasarmu na 2025 bai wuce wajen sefa miliyar 3,000 ba. Da farko jirgi 750 aka yi niyya, tsada ta sa aka yi ta ragewa har aka tsaya a kan 187 na aiki, aka rufe masana'antar bayan an gama na ƙarshe a 2011. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa awa ɗaya a sama tana cin kusan dala 85,000, wato sefa miliyon 51.

Mutumin da ke ciki shi ma ba arha ba ne. Cibiyar bincike ta RAND ta lissafa a 2019 cewa horar da matuƙin F-22 ɗaya yana cin dala miliyon 10.9, kusan sefa miliyar 6 da rabi. Ga shi kuma shekara da shekaru sojan saman Amurka yana kukan ƙarancin matuƙa wajen 2,000, domin kamfanonin jiragen fasinja suna janye su da albashi. A nan ne amfanin ayari irin na 302 yake fitowa fili. Ba ya da jiragen kansa. Jiragen na runduna ta 3 ne, ta sojojin dindindin, su kuma na ko-ta-kwana suna tuƙa su, makanikansu suna gyara su tare. Jari ɗaya, hannu biyu, kamar mota ɗaya da direba biyu ke karɓa-karɓa don kada ta kwana a tasha. Ban da haka, sojan dindindin akan sauya masa wurin aiki bayan ƴan shekaru, na ko-ta-kwana kuwa yana zaune wuri ɗaya, ya san iskar wurin da duwatsunsa, kuma sau da yawa shi ke koya wa sababbin zuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Birnin Ankorej da ke maƙwabtaka da sansanin yana cikin manyan tashoshin jiragen kaya na duniya, saboda haka aikin farar hula bai yi wa matuƙi nisa ba.

Me ya sa Alaska? Amurka ta sayi wannan ƙasa daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyon 7.2, cinikin da wasu suka yi wa dariya a lokacin. Mashigin ruwan da ya raba ta da Rasha bai wuce kilomita 85 ba. Tun 2007 Rasha ta koma aiko da manyan jiragenta suna shawagi kusa da wurin, jiragen Alaska suna tashi su tare su, su raka su har su juya. A watan Yuli na 2024 kuma aka ga jiragen Rasha da na Sin tare a wannan yanki, karo na farko. Aikin rakiya dai bai ƙare ba, sai dai wanda ake yi wa rakiyar ne ya sauya.

Rigima a kan suna

Abin da ya sa wannan tarihi ya dawo bakin mutane shi ne abin da ya faru a watan Janairu na 2025. Ranar da Trump ya koma mulki ya sa hannu a kan umurnin rufe duk shirye-shiryen gwamnati na daidaita jinsi da launin fata. Cikin ƴan kwanaki sai labari ya fito cewa a sansanin Lackland na jihar Teksas, inda ake horar da sababbin sojojin sama, an janye darussan da ke ɗauke da faifan bidiyo na sojojin Taskigi da na matan da suka tuƙa jirage a zamanin yaƙin. Ƙasa ta ɗauka. Har ƴar majalisar dattawa daga Alabama, Katie Britt, wadda ƴar jam'iyyar Trump ce, ta fito ta yi suka. Sabon ministan tsaro Pete Hegseth ya ce an warware matakin, aka mayar da faifan.

Masu goyon bayan gwamnati suna cewa kuskuren ƙananan ma'aikata ne, kuma manufarsu ita ce a daina duba launi, a duba cancanta kawai. Masu suka kuwa suna cewa ai mutanen Taskigi cancantar ce aka hana su nunawa, kuma wanda bai san an taɓa rufe ƙofa ba, ba zai gane in an fara tura ta ba. Suna kuma nuna cewa har yanzu baƙaƙen fata ba su wuce kashi 2 cikin 100 na matuƙan sojan sama ba. Wata guda bayan rigimar, a watan Fabrairu, Trump ya sauke Janar Charles Brown daga shugabancin hafsoshin ƙasar. Brown tsohon matuƙin F-16 ne, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci sojan sama.

A ganinmu abin lura shi ne lokacin da abin ya faru. Masu jan wutsiya sun kusa ƙarewa. Harry Stewart ya rasu a watan Fabrairu na 2025, George Hardy ya bi shi a watan Satumba, kowane yana da shekara 100. Muddin mai abu yana raye zai iya tashi ya ce ni na gani da idona. In ya kwanta dama, sai abin da aka rubuta da abin da ake koya wa yara. Shi ya sa faifan bidiyo na ƴan mintoci ya tayar da ƙura haka, shi ya sa kuma lambar da ke jikin kakin matuƙan Alaska ta wuce ado.

Ina aka dosa?

Shi kansa F-22 ya fara tsufa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta ba kamfanin Boeing kwangilar ƙera wanda zai gaje shi, mai suna F-47, wanda ake so ya riƙa tashi tare da jirage marasa matuƙi. Yaƙin Yukren ya nuna cewa ƙaramin jirgi marar matuƙi na kuɗi kaɗan yana iya lalata kayan yaƙi na miliyoyi, kuma duk ƙasashen duniya suna sake lissafi a kan haka. Idan sabon jirgin ya fi F-22 tsada, to ƙila adadinsa ya yi ƙasa, kuma tambayar da za ta taso ita ce ko za a ci gaba da ba sojojin ko-ta-kwana kujera a cikinsa. Lissafin da muka yi a sama yana nuna cewa da wuya a yi watsi da su, domin duk yadda jirgi ya ƙara tsada, haka gwanin da ke tuƙa shi yake ƙara daraja.

Ayari na 302 ya tuƙa P-39 da ba a so, ya tuƙa P-51 da ya yi masa suna, ya yi shekaru da jirgin ruwa a hamada, ya riƙe F-16, yau yana kan F-22. Ƙarfen yana sauyawa kowane zamani, kuma Amurka tana da kuɗin sayen sabo. Abin da kuɗi ba su saya mata ba shi ne matuƙa 992 da ta ɓata shekaru tana cewa ba za su iya ba, sai da wuya ta kai mata ta buɗe musu ƙofa. Duk ƙasar da ke da gwanaye, sojoji ne ko malaman lakwal, likitoci ne ko makanikai, ya kamata ta tambayi kanta nawa ta kashe kafin su ƙware, da kuma wace igiya ta tanada don kada su tafi da iliminsu ranar da suka ajiye aiki.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa.